Turakun da Aka Miƙe Mana a Bayan Aliero

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Litinin, bayan an idar da salla, muka tashi daga Sakkwato. Mu huɗu ne a cikin Landirobar ofis. Akwai safiyonmu, wato mai awon hanya, saurayi ɗan ƙasar Zuru wanda bai cika shekara da kama aiki ba. Akwai direba. Akwai mai riƙon sanda, tsohon abokin aikina. Sai ni heluma, wanda kayan aiki da leburori ke hannunsa. Ƙarfe biyar muka yi alkawari, direba ne ya makara, ya zo yana cewa wai an yanka zakaran maƙwabcinsa da ke tashe shi. Ban yi dariya ba, na kuma gaya masa dalilin da ya sa ban yi ba.

Kafin mota ta motsa na duba kaya ɗaya bayan ɗaya yadda na saba: na'urar hange a cikin akwatinta, ƙafafunta uku, sarƙar awo, sanduna masu ja da fari, guduma, adduna, gwangwanin jan fenti, da damin turaku da aka fiƙe. Aiki biyu aka tura mu. Na farko, mu kafa kwanar wata sabuwar hanyar burji a bayan Aliero, wadda za ta riƙa fito da albasa daga ƙauyuka zuwa bakin kwalta. Na biyu, wata kwana a kusa da Maiyama. An shaida mana cewa gireda, motar share hanya, za ta shiga aikin Aliero a ƙarshen mako, babban injiniya kuma zai biyo bayanta ya duba.

Hanya ba ta da laifi har Tambuwal, inda muka tsaya karin kumallo. Ƙosan sule ɗaya ya ishe ni. Direba ya ci na sule uku, ya ƙara da masa, ya ce tuƙi yana cin jini. Bazara ta soma kama jiki, tun hantsi kujerar mota ta yi zafi, gonaki sun bushe fayau, sai a fadamu kawai ido ke samun kore.

Aliero kuwa hanci ne ke fara isa kafin ido. Tun daga nesa warin albasa ya shigo mota. A bakin hanya buhuna ne jere, manyan motoci daga Kudu suna lodi, 'yan dako suna hawa katako da buhu a wuya kamar ba komai suka ɗauka ba. A bayan gidaje ga rudu nan birjik, rumfunan kara da ake adana albasa a ciki har ta yi daraja. Direba ya tambayi farashi, ya riƙe baki, ya ce a Sakkwato kuɗin buhun nan ko rabinsa ba zai saya ba. Sannan ya tuna mana cewa garin masu ɗori ne, ya ce in mota za ta kife da mutum to gara ta kife a nan. Na ce masa aikin da ya kawo mu shi ne kada ta kife ko'ina.

Muka wuce Jega muka sauka a unguwar Magaji, gidan wani ɗan'uwan mai riƙon sanda. Da yamma na ɗauki leburori biyu, mutanen Gehuru ne da suka shigo gari cin rani, ƙarfafa, ba su da yawan magana, abin da ya sa na zaɓe su ke nan. Matar gidan ta yi mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifin gulbi. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, kuma ni ba mai yabon abinci ba ne.

Talata da sassafe muka koma Aliero, muka saki kwalta muka bi turbar jakuna ta wajen Jiga Birni. Ba zan faɗi sunan ƙauyen da muka yi aiki ba, don kada wani mara tunani ya mai da mutanensa abin dariya.

A nan ya kamata in bayyana wa mai karatu yadda ake kafa kwana, don in bai gane wannan ba, ba zai gane sauran labarin ba. Hanya miƙaƙƙiya tana tahowa daga wannan gefe, wata miƙaƙƙiyar tana tafiya wancan gefe. Inda za su haɗu gwiwa ce mai kaifi, kuma babu motar da za ta karya gwiwa da lodi ba ta faɗi ba. Saboda haka ba a kai hanya can. Ana ja da baya daga mahaɗar, tsawo ɗaya a kowane ɓangare, a kafa babban turke a nan, a kafa babban turke a can. Su ne bakin kwana da ƙarshenta. Sai safiyo ya kafa na'urarsa a kan turken farko. Ya juya ta kaɗan, mu ja sarƙa, mai sanda ya matsa dama ko hagu har ya shiga idon na'ura, a buga ƙaramin turke a shafa masa jan fenti a ka. Ya ƙara juya ta kaɗan, mu sake jan sarƙa daga wannan turken, a buga wani. Haka za a yi ta yi, turaku suna lanƙwasa a hankali kamar baka. In aiki ya yi kyau, awon ƙarshe zai faɗa daidai kan babban turke na biyu. In bai faɗa ba, a sake daga farko, ko da rana ta kusa faɗuwa.

To, in ka ɗauki kwanar a matsayin baka, tsirkiyarsa ita ce miƙaƙƙen layi daga babban turke zuwa babban turke. A kan wannan tsirkiya, daidai tsakiya, akwai wata tsohuwar rijiya da jigo a bakinta, kewaye da lambun albasar iri. Ba albasar ci ba ce, wadda ake bari ce ta yi tsiri ta fid da fure, a tara 'ya'yanta don shukar baɗi. Ta yi kawuna farare gwanin kyau, saura kaɗan ta nuna. Safiyo ya nuna mini a taswira tun a mota cewa da gangan aka zaɓi wannan lanƙwasa, don hanya ta zagaye rijiyar da lambun ta bar su a cikin baka, ko ganye ɗaya kada ta taɓa.

Mai lambun dattijo ne dogo, siriri, da farin gemu. Baba Mai Igiya ake ce masa, don duk wanda zai yanka sabon lambu a yankin shi yake kira ya ja masa igiya. Da na dubi nasa lambun na gane dalili. Kowane fangali a miƙe yake, kowace hanyar ruwa a miƙe, ko mu masu na'ura iyakar abin da za mu yi ke nan. Mahaifinsa ne ya gina rijiyar. Kuma daga irinsa ne rabin ƙauyen ke samun na shuka.

Tun da muka fara yana tsaye a gefe da hannuwa a baya, yana kallo. Da azahar ta yi ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar wani gawo, aka kawo fura da nono da hoce. Muka yi salla, safiyo da yake Kirista ne ya zauna yana gadin na'ura, da muka idar dattijon ya kira shi ya zaunar da shi kusa da kansa, yana tura masa ƙwarya.

"Sha, ɗana. Kai ka fi kowa shan rana, ido guda rufe tun da sahe. Wanga aiki naku, in ya ɓaci, mi za a yi maka?"

Kafin safiyo ya buɗe baki direba ya cafe. "Kora, Baba! Babbansu na tafe. In ya ga turke guda ya kauce, sai yaron nan ya koma Zuru noman dawa, ga ƙanne a makaranta duk shi suke kallo."

Muka yi dariya, har da safiyon, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba, don wannan ce kwana ta farko da aka ba shi shi kaɗai. Dattijon bai yi dariya ba. Ya dai dube shi, ya ƙara tura masa hoce.

La'asar sakaliya awon ƙarshe ya faɗa kan babban turke, bai kauce ko da faɗin yatsa biyu ba. Na ga safiyo ya sauke numfashi. Ina haɗa kaya dattijon ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Heluma, kun ƙare ke nan?"

"Mun ƙare, Baba."

Ya dubi turakun da jajayen kawunansu, tun daga na farko har na ƙarshe. "Haka za ku bar su?"

"Haka za mu bar su."

Ya ce, "To. Allah shi kai ku lahiya."

Ni ƙa'idata ba na surutu a bakin aiki. Na ɗauka mutumin da ya ga an zagaye masa rijiya ai ya gani da idonsa, ba ya bukatar bayani. Muka shiga mota muka koma Jega.

Laraba muka haye gulbi muka nufi Maiyama. Ƙasar can ta bambanta da ta Aliero, ta fi itatuwa, shanu kuma sun fi yawa. Kwalta tana da kyau amma ƙunci gare ta, in babbar mota ta taho sai direbanmu ya sauka gefe yana zaginta cikin ladabi, don ya san ba na son ashar. A tasha mata suna sayar da dafaffen rogo da ƙuli, da gasasshen kifi a faranti. Nono ya fi na Sakkwato kauri da araha, har mai riƙon sanda ya ce in ya yi ritaya nan zai dawo ya auri mai tallan nono ya huta.

Kwanar Maiyama ta fi ta Aliero wahala ga jiki, don cikin sabara da ƙaya ta bi, sai da mutanen Gehuru suka yi ta sara kafin na'ura ta ga sanda. Ga kuma wani ƙaramin rafi da za a sa wa kwalbati a tsakiyarta. A can na sake ganin abubuwan da suka saba cin turakunmu. Wanda muka buga da safe, da rana muka tarar an ɗaure akuya a jikinsa. Wani kuma garken shanu ya bi ta kai ya kwantar da shi. Makiyayin ya tsaya ya ba mu haƙuri, ya ce shanunsa ba su yi makaranta ba. Na sa aka tara duwatsu a gindin kowane turke, na je wurin mai unguwa na roƙe shi ya hana mata cire su don girki. Duk waɗannan na san su, na kuma san maganinsu. Muka yi Juma'a a Maiyama, safiyo ya zauna a mota yana lissafinsa, da yamma muka ƙarasa.

Asabar da safe muka sallami leburori a Jega muka kama hanyar gida. Muna dab da Aliero direba ya fara. Wai surukarsa ta yi masa saƙon albasa, wai a bakin lambu ta fi araha, wai ƙauyen Baba ai ba nisa. Na ce a'a. Motar aiki ba ta cefane ba ce, kuma an rubuta za mu iso Sakkwato kafin azahar. Sai safiyo ya ce a hankali shi ma zai so ya ƙara ganin turakunsa sau ɗaya kafin gireda ta shiga. Mai riƙon sanda ya goyi bayansu, don shi ma albasar yake so. Na ƙyale su raina a ɓace, direba ya karya kan mota. Na rubuta wannan ne don a san ba hikimata ce ta mai da mu can ba, kwaɗayin direba ne.

Abin da muka fara gani shi ne gireda, tana tsaye a bakin ƙauye, mai tuƙa ta yana zuba mata mai. Ya ce da ya ci abinci zai fara shara. Na tambaye shi ko ya ga turaku. Ya ce ya gani, kuma bai taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba, a miƙe sak.

Safiyo ya dube ni. Muka bar mota muka taka da ƙafa.

Turakunmu suna nan, babu wanda ya ɓata, kowanne da jan kansa. Amma sun bar baka sun koma tsirkiya. Daga babban turke zuwa babban turke an jera su a layi ɗaya, tazara daidai, in ka tsuguna a bayan na farko ba za ka ga na biyu ba. An cike ramukan da muka buga su da fari, an share wurin da tsintsiya. Layin ya ratsa tsakiyar lambun iri, ya bi ta bakin rijiya. An kwance jigo an jingine shi a gefe. Mata suna cikin lambu da wuƙaƙe suna yanke kawunan albasa ɗanyu suna zubawa a tabarma, don su tsira da abin da ya samu. Jakuna kuma suna tahowa da mangalar ƙasa, samari suna juye ta cikin rijiya, don kada gireda ta rufta.

Safiyo ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Ni kuwa faɗa ya riga ya jeru a bakina, na farko da na biyu da na uku. Sai ga Baba Mai Igiya ya taho da fara'a, igiyarsa a kafaɗa. Bai bi ta kaina ba. Ya durƙusa kusa da safiyo, ya dafa shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"Ɗana, kwantar da hankalinka. Babu wanda yas sani sai ni da ɗiyana, kuma na hana su hwaɗi. Rana ta ta buge ka, kowa na kuskure. Na so in gaya maka tun ran nan, sai nig ga mutanenka na kusa. Yanzu babban naku shi zo shi duba, ba shi samun komi."

Safiyo ya ɗaga kai da ƙyar. "Baba, rijiyarka fa?"

"Da nij ja igiya nig ga ta kanta hanya tab bi. To, haka Allah yas so. Ana gina wata." Ya ɗan yi murmushi. "Kai ka ci abinci bisa tabarmata. Ba ni zama ina kallo a kore ka."

Faɗan da na jera ya koma ciki, har yau ban fito da shi ba. Na yi abin da na iya. Na farko, na daka wa masu jakuna tsawa su tsaya. Na biyu, na roƙi matan su ajiye wuƙaƙe. Na uku, na tura direba da gudu ya gaya wa mai gireda kada ya tayar da ita sai ya ji daga bakina.

Saura bayani, kuma shi ne ya fi wuya. Safiyo ya fara da maganar digiri da taswira, dattijon yana gyaɗa kai irin na mai lallashin yaro. Ya ɗauka kunya ce ke sa safiyo kare kansa. Da safiyo ya ga haka sai ya miƙa hannu ya ce, "Baba, ara mini igiyarka." Ya buga turke a fili, ya ɗaura igiyar, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ya ja ta ta miƙe, ya zagaya yana zane a ƙasa har zanen ya haɗu.

Dattijon ya ce, "Wannan ai gindin rumbu na. Haka muka fid da shi."

"To Baba, hanyar ma gindin rumbu ce. Yanki kaɗan muka ɗiba daga cikinsa. Rumbun ne babba ƙwarai, turken tsakiyarsa yana can bayan waccan kukar, babu igiyar da za ta kai, shi ya sa muke leƙa na'ura." Sai ya zana layi biyu miƙaƙƙu suna shiga da'irar suna fita, ya ɗora ɗan dutse a ciki ya ce rijiya ce. Sannan ya zana tsirkiya ta kan dutsen, ya nuna gwiwa biyu masu kaifi da ta haifar, ɗaya a kowane baki. "Motar albasa in ta zo nan da lodi, a nan za ta kwanta."

Baba Mai Igiya ya tsuguna ya daɗe yana kallon zanen. Ya bi da'irar da yatsa. Ya ɗaga kai ya dubi inda turakun suke da fari, ya dubi rijiya, ya dubi tabarmar da aka tara kawunan irinsa.

"Ashe da gangan kunka karkata."

"Da gangan, Baba. Saboda rijiyarka."

Ya juyo ya dube ni, ni da ya tambaya ranar Talata. Babu fushi a fuskarsa. "To, mi hana ku hwaɗi?"



Allah ya taimake mu dattijon bai taɓa manyan turakun biyu ba, don a kansu ya ɗaura igiyarsa. Muka sauke na'ura muka fara daga farko. Ba mu da leburori, sai dattijon ya ce shi zai ja bakin sarƙa, 'ya'yansa su buga turaku. Ban taɓa aiki da mai jan sarƙa irinsa ba, ba ya bari ta yi ciki ko kaɗan, sai dai duk turken da aka buga sai ya girgiza kai. Sauran mazan ƙauyen suka ɗaura guga suka shiga yasar rijiya, suna fito da ƙasar da suka zuba da hannunsu, suna yi wa juna tsiya. Wani daga ciki ya ɗaga murya ya ce, "Baba, gobe in ka ga wata ya lanƙwashe, don Allah ka bar shi haka nan!" Har dattijon sai da ya dara.

Bayan la'asar awon ƙarshe ya sake faɗawa kan babban turke. Na ba mai gireda izini, muka tsaya muna kallo ta bi bakan a hankali, ta zagaye lambun ta wuce. Aka mai da jigo. Guga na farko ya fito da ruwa ja, amma ruwa ne, kuma masu yasa sun ce zai kwanta.

Irin ne ba ya komawa. Fiye da rabin lambun an riga an yanke shi ɗanye, kuma kowane manomi ya san irin da bai nuna ba ba ya tsira. Abin da ya rage ba zai ishi Baba shi kaɗai ba, balle waɗanda suka saba karɓa a hannunsa. Safiyo ya tsaya a gabansa yana neman abin faɗa. Dattijon ya riga shi.

"Aikinka ya tsira?"

"Ya tsira, Baba."

"To, madalla." Ya dubi sabuwar hanyar, ya taɓe baki. "Amma ni dai har yanzu karkace nika ganin ta."

Ya sa aka ɗora mana buhun albasa a mota, ya ƙi karɓar ko kwabo.  Muka yi magariba a Tambuwal, muka shigo Sakkwato bayan isha'i, na mai da kayan aiki sito ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya ɓata sai turaku da fenti da aka yi aiki da su. Babban injiniya ya je ya duba a makon da ya biyo, ya ce kwana ta yi kyau.

Na daɗe ina wannan aiki, kuma duk tsarona a kan akuya ne da shanu da masu neman itacen girki. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutunci ma yana iya tuge turke ba. Tun daga wannan tafiya na ƙara abu ɗaya a jerin aikina. Bayan an buga turken ƙarshe, kafin a haɗa kaya, sai an tara masu gonakin wurin, an buga turke an ɗaura igiya, an zana musu gindin rumbu a ƙasa.

Roƙona ga mai karatu biyu ne. In ka ga jajayen turaku sun lanƙwasa a bayan garinku, ka bar su yadda suke, in abin ya dame ka ka tare mu ka tambaya, wajibinmu ne mu amsa. Na biyun ya fi na farko nauyi a wurina. In kai manomin albasa ne a ƙasar Aliero, ko Jega, ko Maiyama, kuma Allah ya ba ka iri mai kyau bana, ka ɗebi ko gwangwani ɗaya ne kafin lokacin yafa iri. Ka bi sabon burjin da ya tashi daga Aliero ta wajen Jiga Birni, har kwanar da za ka ga rijiya da jigo a cikinta. Ka tambayi mai lambun, ka ba shi. Kada ka jira ya roƙa, don ba zai roƙa ba. Ni ne nake roƙo.